Fil Ɗin da Ya Rage a Aljihu

Talata, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin na rubuta awo ne. Oga ce ta saya mini, wai in daina zana lamba a bangon gareji da alli kamar mai tsafi. Tunda yanzu ba abin da nake aunawa, bari in zuba magana a ciki. Ni da makaranta mun rabu tun ina aji huɗu, ba faɗa ba zagi, kowa ya ga ba ya ƙaruwa da ɗan'uwansa. Wanda ya tsinci littafin nan ya yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ce ta taka baƙin mai ta bi ta kan takarda.

Oga 'yata ce ta fari, shekararta ashirin da shida. Tun tsayinta bai wuce taya ba take ba ni umarni a garejin nan, daga nan sunan ya bi ta. Ni ke ƙera ƙarfe, ita ke tsere da mota. Yau kwana tara da tseren ranar Lahadi. Tana asibiti, hawa na biyu, gado na huɗu daga ƙofa, kusa da taga.

Na buɗe gareji. Na share. Na rufe.

Laraba, bayan azahar

Hukuma ta dawo gida yin wanki. Hukuma ita ce uwar Oga, ni na raɗa mata, ba ta taɓa musantawa ba. Ta zazzage aljihun rigar aikina, ta ajiye abu a kan tebur ta ce, "Malam, ga tarkacenka."

Fil ne. Irin mai kunne biyu, wanda ake zurawa a ramin ƙusa a tanƙwara kunnuwansa don kada ƙusar ta zame. Bai kai tsayin ashana ba.

Sai na bayyana, ko don mai karanta rubutun kazar nan. Shekara talatin ina da hanyar aiki guda: in aiki yana son fil uku, uku nake ƙirgawa in zuba a aljihu, ba ƙari. In aljihu ya zama fanko, aiki ya ƙare. Masu ilimi suna da takarda da biro, ni ina da aljihu. Na sha yi wa mutane fankama da shi.

Ranar Juma'a kafin tseren, Oga ta ce kulocin motar tserenta, Jar, ya yi mata nisa, kafin ya kama ta tsufa. Na ƙera mata sabon haɗi daga matakin ƙafa zuwa kuloci, sandar ƙarfe biyu da gwiwa a tsakani. Gaɓa uku. Fil uku. Rigar da na sa ke nan ran nan.

In fil ɗaya babu, ƙusa za ta yi ta zamewa har ta faɗi. Direba ta zo kwana da gudu, ta taka don ta rage giya, ta ji ba komai a ƙarƙashin ƙafarta.

Na ce wa Hukuma na gode. Har na ce wankin ya yi haske.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Fil yana aljihu.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Na tsaya a bakin ƙofa ina karanta takardar lokutan ziyara sau uku, ni da ba na son karatu. Nas ta ce, "Baba, ko a kawo maka kujera nan ne?"

Oga tana kallon taga. Na ce, "Oga, ranki ya daɗe, gadon nan giya nawa gare shi? Na ga yana da hannun juyawa." Ba ta juyo ba. Matar gadon da ke kusa ta yi dariya, Allah ya saka mata, kada wasan ya faɗi ƙasa shi kaɗai.

Bargon fari ne mai ratsin shuɗi. Ta dama yana da tudu har ƙarshe. Ta hagu, daga gwiwa, a shimfiɗe yake lumui kamar an goge.

Na ɓare mata lemo. Ni na shanye.

Ba abin da ke mini ciwo. Na duba ko'ina. Jikina duka kamar hannun da aka kwana a kansa.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na yaye tamfol daga kan Tsohuwa. Ita ce motar da Oga ta fara tsere da ita kafin mu gina Jar. Injinta yana nan da ransa, kulocinta irin na tsere ne, mai taurin kai kamar mai shi.

Na daɗe ina kallon matakan nan uku. Totur na dama. Birki na dama. Na ukun ne ba shi da mai takawa.

Tartsatsi ya leƙo. Mai walda ne, shagonsa jikin nawa, shekara ashirin muna zagin juna. Ya ce, "Injiniyan da bai da takarda, me ake ƙullawa?"

Na ce, "Kuloci zan ɗauke daga ƙasa in kai shi hannu."

Ya yi shiru. Tartsatsi bai iya shiru ba, ba ya yi masa kyau. Can ya ce, "Ita ta ce ka yi?"

Na ce, "Ita ba ta ce komai ba. Ba ta magana da kowa."

Ya koma shagonsa, ya dawo da hannun kuloci na babur da kebul sabo a leda. Ya ajiye a kan bonet ya ce, "Kada ka ce na ba ka, mutuncina zai zube."

Lahadi, da rana

Na share gareji. Ba datti, amma na share.

Litinin, bayan la'asar

Na ɗaure hannun babur a jikin sandar giya, yadda in ta kama giya yatsunta za su faɗa kansa. Na ja kebul ta ƙarƙashin kujera, na ƙera ƙaramar gwiwa ta ƙarfe da za ta juya jan zuwa turi. Na goge da magagari har tana ɗaukar ido. Aiki ya yi kyau kamar na mai hankali.

Na matsa. Ko gezau. Na sa hannu biyu, jijiyar wuya ta tashi, har na saki wata iska da ba ta inji ba. Tartsatsi daga shagonsa ya ce, "Ta tashi?" Na ce, "Ta tashi, amma ba motar ba."

Ashe abin da ƙafa ɗaya ke yi ba a sani ba, yatsu huɗu ba su isa ba. Shekara talatin ina gyaran kuloci ban taɓa tunanin nauyin da take ɗauka ba.

Na ƙara wa gwiwar tsawo. Ya yi laushi, amma sai hannun ya ƙure kafin kuloci ya saki. In na gajarta, ya saki amma ba mai iya matsawa. Kowane gefe ka ja bargon, wani wuri a buɗe.

Ban so na rubuta bargo ba.

Fil yana aljihu.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Hukuma ta zo gareji da kanta, abin da ba ta yi. Ta ga Tsohuwa a buɗe. Ta kalli hannun babur, ta kalle ni.

Ta ce, "Malam, ɗayar ba ta ishe ka ba?"

Na ce, "Gwaji ne kawai, don kada hannuna ya yi tsatsa."

Ta ce, "Yarinya ba ta cin abinci. Ba ta magana. Likita ya ce a riƙa zama da ita. Kai kana nan kana zama da ƙarfe."

Na ce, "Ƙarfen ma ba ya magana, kin ga na saba."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Ta ce, "In ka kai mata zancen mota ɗakin nan, ni da kai ne." Ta gyara mayafi ta tafi.

Na so in ciro fil ɗin in nuna mata, in ce ke kika ba ni, kin san ko mene ne? Hannuna ya kai bakin aljihu. Sai na ciro tsumma na share goshi.

Laraba

Ban je ba.

Alhamis

Na je, tana barci. Ko tana yi kamar tana yi. Ni ma na yi kamar na yarda.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai kula da filin tsere ya kira. Wai sun gama dube-dubensu, in zo in ɗauke Jar, tana tare musu wuri. Na tambaye shi me suka gani. Ya ce, "Mota ce ta haɗu da katanga, Baba, me za a gani?"

Ba su shiga ƙarƙashi ba ke nan. Ni kaɗai na san inda za a duba. Minti biyu ne da tocila.

Na ce masa janwe ya yi wuya a kwanakin nan. Mai janwen yana zaune a gabana yana shan shayi lokacin da nake faɗin haka. Ya ɗago kai, na ɗaga masa hannu.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Ba na auna mota, mai mota nake aunawa. Haka na koya. Kafin in san inda hannun zai zauna, sai na san tsawon yatsunta. Na yanki igiya na sa a aljihu, kusa da wancan.

Hukuma ta sauka karɓo magani. Hannun Oga yana kan bargo. Na ɗora igiya daga tsakiyar tafin zuwa kan yatsa, na ƙulla. Ina cikin na biyu sai na ji, "Me kake aunawa?"

Murya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

Na ce, "Zobe zan ƙera miki. Na ƙarfen rodi, mai ɗaukar shekaru."

Ta ce, "Da tafin hannu ake auna zobe?"

"Sabon yayi ne."

Ta kalli igiyar. Ta san igiyar nan, da ita na auna mata kowace kujera da kowane mataki tun tana sha takwas. Ta janye hannunta ta sa ƙarƙashin bargo. Ta ce, "Baba, ka tafi gida."

Na tafi. A matakala na ƙirga: kalma goma sha uku ta faɗa mini. An samu ci gaba, in ji masu ilimi.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Jiya ina kallon wata tsohuwar mota sai na tuna: birki ma ba ƙafa kaɗai ke yinsa ba. Akwai tukunyar nan ta baƙin ƙarfe da ke aro ƙarfi daga zuƙar inji ta taimaka. Na ciro guda, na wanke, na ƙera mata mazauni a gefen inji. Tartsatsi ya yi waldar, yana yi yana cewa in ta fashe shi bai san ni ba. Yanzu yatsu za su ja kebul, kebul ya taɓa tukunya, tukunya ta tura gwiwa, gwiwa ta tura kuloci. Kamar aikin ofis: kowa yana tura na ƙasa da shi.

Na tada inji. Na matsa da yatsu biyu. Ya shige kamar ana matsa burodi. Na sa giya ɗaya, na saki a hankali, Tsohuwa ta taka taku uku ta tsaya a bakin ƙofa.

Tartsatsi ya yi ihu, ya jefar da gilashinsa, ya ce, "Jahili ya ci jarrabawa!"

Na kashe inji na zauna ina jiran murna. Na ba ta kamar minti goma. Ba ta zo ba, na tashi na share gareji.

Sabon haɗin gaɓa huɗu gare shi. Na sa fil uku. Ramin na huɗu na bar shi da guntun waya. Ban san dalili ba. Na sani.

Laraba, da rana

An kawo Jar. Ban kalli gefen hagu ba. Na rufe ta da tamfol ɗin Tsohuwa, bai kai ba, hancinta a waje.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na sha shayi. Na wanke kofi. Na wanke na Tartsatsi. Na jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan daga babba zuwa ƙarami.

Alhamis, ƙarfe sha biyu

Na ɗaga ta da jak. Na kwanta a kan katakon nan mai ƙananan tayu da muke shiga ƙarƙashin mota da shi, na tura kaina.

Sandar farko ta lanƙwashe kamar an murɗa ta da hannu. Gaɓar farko: fil yana nan. Ta biyu: yana nan. Na rufe ido, na kai yatsa ta ukun kafin tocila.

Yana nan.

Na haska. Na sake haskawa. Ni in na tanƙwara fil, kunne ɗaya nake kwantarwa in bar ɗayan a miƙe, don gaggawa, ko don lalaci, duk wanda ka zaɓa. Biyun farko haka suke. Na ukun an naɗe kunnuwansa duka biyu, sun zagaye ƙusar tsaf kamar an yi da awo. Mutum ɗaya na sani mai yin haka. Na sha ce mata ɓata lokaci ne.

Na kwanta a nan har Tartsatsi ya zo ya ja ni ta ƙafa, wai ya zaci na cika.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Hukuma tana zaune a gefen gado. Ban jira ta fita ba. Na ciro fil na ajiye a kan bargo, ta dama.

Na ce, "Oga, wannan na Jar ne. Gaɓa ta uku. Ban sa ba."

Ta ɗauka ta juya shi. Ta ce, "Na sani. Da safen tsere na shiga ƙarƙashi na ga ramin yana kallona. Na sa wani."

"Ba ki faɗa ba."

"In faɗa ka daina cin abinci? Baba, shekara uku ke nan ina bin bayanka. Duk aikin da ka gama, in ka tafi wanke hannu sai in shiga in duba. Sau biyu ka bar noti a kwance. Sau ɗaya ka bar sifana a cikin inji."

"Lamba goma? Ashe ke ce! Na zagi Tartsatsi wata guda a kanta."

Gefen bakinta ya motsa. Kaɗan, amma na gani, idona bai mutu duka ba.

Hukuma ta ce, "Wai me kuke faɗi ne?"

Oga ta ce, "Mama, mijinki duk kwanakin nan yana yawo da laifin da ba nasa ba." Sannan ta kalli taga. "Kuloci ya kama, Baba. Komai ya kama. Mai ne a kan kwana, na gan shi a makare. Shi ke nan. Ba wanda za a kama."

Na ce to.

Da laifina ne, da na san abin da zan gyara. Wannan ban faɗa ba, nan kawai na rubuta.

Ina tashi ta ce, "Zoben nan naka. Da me ka taimaki yatsun? Kulocin Tsohuwa ba ya jin lallashi."

Na kalli Hukuma. Hukuma ta kalli silin. Na ce, "Tukunyar birki."

Oga ta ce, "Hm." A bakinta wannan lambar yabo ce. Ba ta ce tana so ba. Ba ta mayar mini da fil ba kuma.

Litinin

An sallame ta. Na cire ƙofar banɗaki don keken guragu ya shiga. Awon ya yi daidai, na auna sau uku.

Laraba, da yamma

Ba ta tambayi mota ba. Ban tayar ba. Ina jin ƙarar sandunanta daga ɗaki zuwa tsakar gida, tana koyo. Ta faɗi sau ɗaya. Na miƙe, Hukuma ta riƙe mini riga.

Na share gareji.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ta ce a kai ta gareji. Hukuma ta ce ba inda za a je, sannan ta ɗauko mayafi ta riga mu fita.

Na juya Jar ta fuskanci bango tun jiya. Oga ta kalle ta sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Na buɗe mata ƙofar Tsohuwa na ce, "Ranki ya daɗe, bisimilla."

Ta ce, "Wa ya duba aikin?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Shi ya sa. Kawo katakon."

Hukuma ta ce, "Ke, a hakan?" Oga ta ce, "Mama, a kwance ake shiga, ba a tsaye ba."

Ni da Tartsatsi muka saukar da ita. Ba ta da nauyi. Ban so na lura ba. Ta kwanta, ta kama ƙasan mota da hannu biyu ta ja kanta ciki, har ba abin da ya rage a waje sai takalmi ɗaya. Mu uku muka tsaya muna kallonsa. Tartsatsi ya ce tartsatsi ya shiga masa ido, alhali bai kunna komai ba tun safe.

Daga ƙarƙashi muka ji, "Baba! Waya ce wannan ka ɗaure gaɓa da ita?"

"Na wucin gadi ne."

"Kai ma na wucin gadi ne. Miƙo filaya."

Na miƙa. Na ji ƙarar ƙarfe, ƙas, sannan ƙas na biyu. Kunne biyu. Ɓata lokaci.

Ba ta tuƙa ba yau. Ta zauna a kujera, na tada inji, ta matsa hannun sau biyar. Ta ce ya yi nisa da rabin yatsa, igiyata ƙarya ta yi, in gyara kafin Laraba. Na ce ai mai hannun ce ta gudu da shi ana tsakar awo. Ta ce ba ta son uzuri.

Da suka tafi na sa hannu a aljihu don in ciro makulli. Ba komai sai igiya.

Hannun nan da aka kwana a kansa ya fara tsira-tsira. Da ciwo, ashe.

Ban share gareji ba. Akwai aiki.